Kuɗin Makarantata da Bashin Baba Ila

Misfala

Mutumin da ya fara yi min Hausa a Makka shi ne ya cuce ni. Na sauka a unguwar Misfala da jaka ɗaya da takardar aiki ta wani ƙaramin kamfani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda a can ake kira mukayyif. Larabcin da ke shiga kunnena bai ko yi kama da wanda muka karanta a Islamiyya ba. Ina tsaye bakin titi ina ta juya takardar adireshi, sai na ji an ce, "Samari, daga ina?" Na ce Kazaure. Mutumin ya dafa ƙirji ya ce ai kakarsa 'yar Roni ce, ashe ma ɗan gida ne ni. Sunansa Alhaji Tanimu, farar jallabiya tas, ƙamshin turare na tashi. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in rungume shi.

Shi ya samo min ɗaki, shi ya saya min shinkafa da kaza ranar farko, shi ya nuna min motar da zan riƙa hawa zuwa wurin aiki. Da igamata ta fito, wato katin zama wanda idan babu shi ba ka da suna a ƙasar, sai ya ce in kawo ya yi min rajistar layin waya mai sauƙi. Na miƙa masa. Saƙo ya shigo wayata, ya ce in karanto masa lambobin da ke ciki, na karanto, har ina yi masa godiya. An ce baƙo ko da ido makaho ne, to ni tawa makantar har da kurumta.

Bayan 'yan watanni saƙonni suka fara shigowa, wai lokacin biya ya wuce. Na je ofishin masu turo saƙon, aka juyo min da fuskar kwamfuta. Manyan wayoyi uku, irin na masu kuɗi, an saye su da sunana a kan biya kaɗan-kaɗan. Ni kuwa wadda ke aljihuna da roba na ɗaure bayanta. Na yi rantsuwa, na ɗaga murya, har mai gadi ya zo ya riƙe min hannu. Ma'aikacin ya ce kati nawa ne, lamba ni na bayar, magana ta ƙare. Alhaji Tanimu kuwa, wasu suka ce ya koma Jidda, wasu suka ce an kama shi an mayar gida. Ban sake sa shi a ido ba.

Daga ranar sunana ya shiga cikin waɗanda ba sa biyan bashi. Abin a can ba irin na gida ba ne, inda za ka sauya hanya ka kauce wa mai bin ka. Kowane banki, kowane kamfani, da an danna lambar katinka sai ya gani. Albashina yana shiga asusu ana yanke nasu, abin da ya rage shi nake rabawa da Innata a gida.

Ɗakin da nake kwana mu biyu ne, ni da wani tsoho, Baba Ila, mutumin Tawa ta Nijar. Tela ne, yana da tsohon keke a bakin ƙofa yana ɗinke jakunkunan alhazai da zip ɗin da ya lalace. Ya daɗe a Makka har ya daina lissafi, kuma ba shi da kowa a can. Ranar da na dawo daga ofishin nan na kwanta na juya wa bango fuska, ya bar ni har na gaji, sannan ya ce, "Habu, mi ya kai ka? Wanga gari ba a ba mutum kati. Ko ubanka ya taso daga kabari ya ce ka ba shi, ka ce mishi shi dakata." Na ce masa ai da ya faɗa min tun da wuri. Ya ce da ya faɗa ma ba zan ji ba, tunda shi ba shi da turare. Na so in yi fushi, dariya ta ƙwace min. Ya tura min kofin shayi da rabin burodinsa.

Zahir

Wurin aikinmu yana unguwar Zahir. Aikina riƙe tsani, ɗaukar kaya, wanke ƙurar mukayyif. Wanda ya hau tsanin ya taɓa waya biyu ya sauko shi ne mai takarda, kuma albashinsa ya ninka nawa. Ba wai ban iya ba ne, ido ya gani hannu ya koya, amma ba a barin wanda ba shi da shaida ya sa hannu a aikin otal. Na fara karatu a gida bayan sakandare, rasuwar mahaifina ta katse shi. Tun daga lokacin abin yana nan a raina.

Kusa da wurin aikin akwai wata kwaleji ta kuɗi da ke koyar da aikin lantarki da sanyaya ɗaki da yamma, shekara biyu, ta ba ka difloma. Na yi jarrabawarsu na ci. Da na je rajista, magatakardan ya ce ba damuwa, yawancin ɗalibansu kaɗan-kaɗan suke biya, in kawo kati. Ya danna, ya dubi kwamfuta, ya dube ni, sai muryarsa ta sauya. Ya ce irina hanya biyu ce gare shi: ko in biya kuɗin shekara gaba ɗaya a dunƙule, ko in kawo ɗan ƙasa mai tsabtataccen suna ya tsaya min, idan na kasa a kama shi. Na fara ba shi labarin Alhaji Tanimu, ya ɗaga hannu a hankali ya ce kowa da irin labarinsa. Bai yi min wulaƙanci ba, kuma hakan ya fi min ciwo.

Ɗan ƙasa ɗaya na sani. Ammu Usman (Ammu wato baffa, a Larabci), mai kantin kayan abinci a bakin layinmu. Bahaushe ne, amma a Makka aka haife shi, aka haifi ubansa, Hausarsa rabi Larabci ce. A wurinsa muke sayen burodi da madara. Na sa rigata mai kyau na je na durƙusa na faɗa masa buƙatata. Ya saurare ni har ƙarshe yana jera gwangwanaye.

"La, la, ya Habu," in ji shi. "Ni ban ce kai ɓarawo ba ne. Amma sunanka baƙi ne a na'ura, kowa ya sani. In tsaya maka, gobe ka hau jirgi, halas, shi ke nan, ni za a kama. Ina da iyali."

Na ce, "Ammu, ban taɓa cin bashin ko kwalin ashana a kantinka ba."

Ya ce, "Saboda ban taɓa ba ka ba."

Na fito ina jin kamar a tsaga ƙasa in shige. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa har na kai ɗaki ina tsine masa a zuciya.

Sai na ɗauki hanya ta farko, ta biya a dunƙule. Duk abin da na samu a gefe, gyaran mukayyif na maƙwabta ranar Juma'a, ɗaukar kaya, wankin mota, ba na kai shi banki don kada a yanke. Baba Ila nake ba ajiya. Yakan karɓa ba tare da ya ƙirga ba, ya ce, "Amanar Allah," ya cusa a wata tsohuwar safa ya tura ƙarƙashin katifarsa. Na daina cin nama, na daina shiga mota idan ƙafa za ta kai ni. Duk watan da na rage abin da nake aika wa Inna, sai in kwana biyu ban kira ta ba don kunya.

Arfa

Da lokacin aikin Hajji ya zo, kamfaninmu ya sami kwangilar kula da mukayyif a wasu tantuna na Arfa, kuma kuɗin aikin kwanakin nan ya fi albashin wata biyu. Da shi kuɗin makarantar zai cika. Na bar Baba Ila yana tari, ya ce mura ce, in tafi.

Ranar Arfa mutane na tsaye da farin harami, hannaye sama, suna kuka suna roƙo, ni kuwa ina cikin shuɗin kayan aiki da sukundireba a hannu, ina gudu daga tanti zuwa tanti. Mutum ya sayar da gonarsa don ya taka wurin nan, ni ga ni a kai amma ban sami zaman minti biyar na ɗaga hannu ba. A wani tanti na ji Hausa, irin tamu ta gida, ba gauraye. Na tsaya da na'urar a buɗe ina saurare kamar wawa. Wata tsohuwa ta lura da ni, ta tambaye ni ɗan ina ne, na faɗa mata. Ta kwance ƙullin leda ta zuba min dambun nama a tafin hannu, ta ce, "Uwarka na da rai?" Na ce e. Ta ce, "To bari in sa ta a addu'a, tunda kai ba ka da hannu." Na ci dambun nan a bayan tanti hawaye na zuba a kai. Ban taɓa kewar gida irin ta ranar ba.

Ƙofar gidan wanka

Na dawo Misfala na tarar da Baba Ila ya zama ƙashi da fata. Ashe ba mura ba ce, kuma ya daɗe da sani. Muka kai shi asibiti, bai yi mako ba Allah ya karɓi abinsa, ana saura kwanaki kaɗan a rufe rajistar kwaleji.

Da safen da za a yi jana'iza na ɗaga katifarsa don in kawar da ajiyata kafin ɗakin ya cika da masu gaisuwa. Safar tana nan. Na ƙirga, ko riyal ɗaya bai yi ciwon kai ba. Na haɗa da kuɗin Arfa na ɗaure a ƙuguna, da niyyar gobe in wuce Zahir in biya.

A Makka, akwai gidajen da ake wanke gawa, daga nan mota ta kai ta Harami a sallace ta bayan sallar farilla. Amma mu Hausawa ba mu bar al'adarmu ba. Kafin a sa gawa a mota, dattijo zai tsaya ya tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi. Idan akwai, ko ya yafe, ko wani ya ce ya ɗauka a kansa, don kada a kai mutum kabari da nauyin wani a wuyansa. Malam Garba, wanda ke shige mana gaba a harkar aure da mutuwa, shi ya tsaya. Mu kusan ashirin ne a bakin ƙofa, rana ta take, ana jiran azahar.

"Jama'a, bashi hanji ne, yana cikin kowa," in ji Malam Garba. "Akwai mai bin Malam Ila?"

Sai Ammu Usman ya yi gyaran murya daga baya. Ya ce yana bin sa. Kuɗin burodi da shayi da madara na fiye da shekara, da kuɗin magani da ya ranta masa har sau uku. Da ya faɗi jimlar, sai na ga ta haura rabin abin da ke ɗaure a ƙuguna. Wato duk lokacin nan tsohon yana kwana a kan kuɗina, yana cin burodin bashi, yana yaga min rabi.

Malam Garba ya ce, "Usman, a yafe masa mana, don Allah."

"Ya Malam, da nawa ne ni kaɗai, wallahi halas, da na yafe," in ji Ammu Usman. "Kantin gado ne, akwai rabon 'yan'uwana mata, akwai marayun ƙanena. Ba ni da ikon yafe haƙƙinsu."

"To wa zai ɗauka?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba, masu shara ne da masu tura keken marasa lafiya, kowa da bakunan da ke jiransa a gida. Direban motar gawa ya leƙo ya nuna agogo. Baba Ila na kwance a makara cikin likkafani, a inuwar da ba ta kai tsawonsa ba, ƙafafunsa a rana.

Na ce, "Na ɗauka."

Ammu Usman ya juyo ya dube ni. "Kai? Da wane sunan? Ya jama'a, a samo wani. Wannan ko kamfanin waya bai biya ba."

Ba wanda ya yi dariya. Na ɗaga riga a gaban mutane na kwance ɗaurin, na ƙirga kuɗinsa a kan murfin motar gawa, na tura masa. Na ce, "Ƙirga, Ammu. Ƙirga a gaban jama'a, kada gobe a ce ban cika ba." Bai ƙirga ba. Malam Garba ya ɗauka ya sa masa a hannu, ya ce a ɗauki gawa.

Ba zan ce don Allah kaɗai na yi ba. Akwai tsohon a ciki, akwai ƙafafunsa da ke rana, amma akwai zuciya ma, kuma ban san wanne ya fi yawa ba. Aka sallace shi a Harami cikin dubban mutanen da ba su san sunansa ba, muka rufe shi. A motar dawowa na taɓa ƙuguna na ji ya saki, a nan ne abin ya sauko min. Shekara guda ta yunwa da tafiyar ƙasa ta tafi a ƙasa da minti biyu. Na yi nadama, ba zan ɓoye ba, kuma na ji kunyar nadamar.

Washegari na je kwaleji da abin da ya saura, na roƙi magatakarda ya karɓa ya jira ni. Ya ce ba a hannunsa abin yake ba. Aka rufe rajista, aka ba wani gurbina. Na kira Inna na faɗa mata komai, ina jiran ko faɗa ko lallashi. Sai ta ce, "An rufe shi lafiya?" Na ce e. Ta ce, "To, Alhamdu lillahi." Ba ta ƙara komai a kai ba, ta shiga ba ni labarin akuyarta da ta haihu. Har ita sai da na ji haushinta ranar.

Zahir kuma

Na koma riƙon tsani. Na daina bi ta gaban kantin Ammu Usman, gara in zagaya layi biyu in sayi burodi wurin wani Bayamane, mutumin Yaman. Ɗakin ya yi min faɗi, keken ɗinkin Baba Ila na nan a rufe da buhu, ba wanda ya zo nema. Na ci gaba da tara kuɗi, amma haya ta dawo kaina ni kaɗai, masu waya na yankar nasu, Inna ta yi jinya. Da shekara ta zagayo, lissafi ya nuna min ko kusa ban kai ba. Na fara gaya wa kaina cewa wataƙila tsanin nan shi ne rabona.

Wata ranar Asabar ina wanke na'ura a bakin shagonmu, wata tsohuwar mota ta tsaya. Ammu Usman ne. Bai yi min sallama mai tsawo ba, ya ce, "Yaushe za a rufe rajistar makarantar nan taku?" Na ce wannan makon. Ya ce in wanke hannu in shiga mota. Na tsaya ina kallonsa, zuciyata na cewa in ce masa na gode, ba na so. Ya ce, "Yalla, mu je, ya Habu, na bar kanti ba kowa." Na shiga.

Magatakardan nan ne dai. Ya danna katina, ya danna na Ammu Usman, sannan ya yi masa bayani da Larabci a hankali, yadda ake yi wa wanda ake tausayi: wannan mutumin sunansa ba kyau, idan ya tsallake wata ɗaya kai za a nema, idan ya gudu duka a kanka. Ammu Usman ya ce ya sani. Magatakardan ya tambaye shi ko ni ɗan'uwansa ne. Ya ce a'a. Ya sa hannu a duk inda aka nuna masa.

Da muka fito na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Ammu, Allah ya saka..."

"Kada ka gode min," in ji shi. Ya tsaya riƙe da ƙofar mota bai buɗe ba. "Na gaya wa 'yan'uwana abin da ya faru ranar nan. Babbar yayarmu ta ce, Usman, da ka kira mu a waya ai da mun yafe kafin ka ajiye ta. Ban kira ba, ya Habu. Wayar tana aljihuna." Ya share fuska da gefen rawaninsa. "Tun ina saurayi tsohon nan yake ɗinke min aljihu ba ya karɓar ko sisi. Na bar shi a rana saboda kuɗin burodi."

Ya buɗe mota ya zauna, ya daɗe bai tayar ba. Sannan ya leƙo ta taga.

"Ranar ɗaya ga wata za ka biya, ba biyu ga wata ba. Kuma ka daina zagaye, burodin Bayamanen nan ba shi da kyau."

Na shiga aji a makon da ya biyo, ni ne babba a cikinsu, yaran suna kirana Ammu. Har yau sunana baƙi ne a na'ura, har yau ina biyan kuɗin wayoyin da ban taɓa riƙewa ba. Amma duk ɗaya ga wata, kafin in sa komai a bakina, nakan biya kuɗin kwaleji, in bi ta kanti in nuna masa rasit. Ba ya karɓa ya duba. Sai dai ya ce mu yi wa tsoho Fatiha, mu ɗaga hannu a tsakanin buhunan shinkafa, mu shafa, in wuce wurin aiki.